Tukur Gani-da-Ido Ya Tsara wa Ɗansa Shiga Kwaleji

Allah ya yi wa birnin Sakkwato arzikin malamai, wannan kowa ya sani. Amma a shekarun da Turawa suka buɗe kwaleji a Katsina, suka fara tsince yaran makarantar Midil suna kai su can, sai ga shi mun samu wani masani da ba a taɓa yin irinsa ba. Shi ne Tukur, dillalin fatun jar akuya a unguwar Majema, wanda aka fi sani da Gani-da-Ido. Sauran malamai sai sun buɗe littafi kafin su yi magana. Tukur bai taɓa ɗora wa littafi wannan wahala ba. Shi da ƙafarsa ya je Katsina, da idonsa ya ga kwaleji, ya kwaso ilminta kaf ya dawo da shi a ƙarƙashin hularsa.

'Yan baƙin ciki sukan ce ai riƙon doki ya kai shi. Wai wani Baturen makaranta ne ya yi tafiya, mai kula da dokinsa ya kwanta ciwo, aka ɗauki Tukur ya maye gurbi. Wai kuma duk zaman da suka yi can, shi yana gindin wata bishiya a bakin ƙofar kwaleji, linzami a hannu, yana korar ƙuda. To, mu ba mu musa ba. Amma ai ƙofar a buɗe take, kuma Allah bai rage Tukur da komai ba wajen ido. Ya ga ɗalibai sanye da fararen riguna suna tafiya a hankali, littafi a hammata. Ya ga suna shan shayi ba tare da an ji ƙarar kurɓa ba. Ya ji suna gaisawa da Turawa ta hanci. Da la'asar kuma ya ga suna dukan wata 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, tana dawowa suna ƙara mata. Abin da ake yi cikin aji ne kawai bai gani ba, domin doki ba ya shiga aji.

Tun daga dawowarsa zaurensa ya zama ofishin ilmi na unguwa. Warin jima yana shigowa ta taga, shawara tana fita ta ƙofa. Yara suka sa masa Hedimastan Zaure, ya ji, ya ce yaran zamani sun fara hankali. Ba ya buɗe baki sai ya gyara zaman hula, ya kaɗa yatsa.

"Ku saurara, jama'a," haka yakan fara. "Ni ba labari anka ba ni ba. Gani niy yi. Abin da nig gani kau, shi nika hwaɗi."

Da a ce shawarar ta tsaya kan 'ya'yan mutane, da da sauƙi, domin mutane sukan ce madalla su fita su yi abin da suka ga dama. Sai dai Tukur yana da nasa ɗan, Siddiƙu, a makarantar Midil. Yaro ne siriri, mai kunya, mai ƙwaƙwalwa. Lissafi yakan zo masa da sauƙi har abin ya riƙa ba 'yan ajinsu haushi. Ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya je kwalejin nan, ya dawo malami, ya tsaya gaban allo da alli a hannu. Mu da muka san shi muna son yaron ƙwarai, kuma tun ran da muka ji ubansa ya ce zai ɗauki al'amarin karatunsa a hannunsa gabanmu ya faɗi.

Ga yadda tsarin makarantar yake. Da safe kowa yana aji ɗaya. A shekaru biyun ƙarshe kuwa, bayan azahar sai hanya ta rabu. Mai son kwaleji ya koma wurin Malam Jibrin a ƙara masa lissafi da rubutun Turanci da labarin ƙasa, domin su ake tambaya a jarrabawar shiga, kuma wanda ya faɗi lissafi ko takardar gama Midil ba a ba shi. Wanda ba shi da wannan niyya ya tafi wurin kafinta ko maƙeri, ko uba ya ce a sako masa ɗansa ya taya shi aiki a gida. Uba ke zaɓe. Wanda ya kafa wannan doka bai san Tukur ba.

Malam Jibrin saurayi ne mai ladabi, shi ma kwalejin ya gama. Ya tako har zauren, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida Tukur, ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce in aka bar masa Siddiƙu bayan azahar, in Allah ya so babu abin da zai hana shi Katsina.

Tukur ya saurare shi da irin haƙurin da manya kan yi wa yara. Sannan ya gyara hula.

"Malam ƙarami, Allah shi yi ma albarka, ka yi ƙoƙari. Amma kai ciki anka kulle ka. Ni waje nike, dut ina kallonku. Lissahi? Ka taɓa ganin Razdan, babban Baturen mulki, shina ƙidaya da yatsu? Akawu ka yi mai. Lissahi aikin bara na, ni kau ba bara nika son in haihwa ba. Labarin ƙasa kuma, wai ƙasa tana juyawa. Ni daga nan hab Birnin Katsina nit taka ta da ƙahwata, ba ta motsa ba ko sau guda. Turanci kau, gidan nan akwai shi. A sako min ɗana da azahar."

Aka sako masa ɗansa da azahar.

Abin da ya biyo baya, unguwar Majema ba za ta manta ba. Da farko Tukur ya kira magina. Ya ce a tayar masa da bango a tsakar gida, mai tsawo, mai santsi, irin na Katsina. Wurin da ya dace kuwa shi ne inda matarsa Mariyatu take shanya barkono, saboda haka barkono ya yi ƙaura. Sannan ya je wurin baduku ya kwatanta masa ƙwallo da hannu. Baduku ya yanko jar fata mai kyau, ya cusa mata tsumma, ya ɗinke, har ya yi mata ado da zare kore. Kyakkyawa ce, babu ƙarya. Aibinta ɗaya, in an buga ta a bango sai ta ce tim, ta zube nan gindin bangon ta yi kwanciyarta.

Siddiƙu ya buga, ya je ya ɗauko. Ya buga, ya je ya ɗauko. Da ya gaji ya ce, cikin ladabi, "Baba, ta makaranta roba ta, shi as sa taka dawowa."

"Roba!" in ji Tukur. "Ka ji yarinta. Ta Katsina don ilmin masu bugunta taka dawowa. Ran da ilmi yaz zauna ma, za ka ga ta dawo da kanta. Ran nan ka isa kwaleji. Buga!"

Daga nan kullum bayan azahar sai ka ji tim, shiru, tim, shiru, daga gidan Gani-da-Ido. Maƙwabta suka daina duban rana don sanin la'asar. In tim ya tsaya, to a yi alwala.

Bayan ƙwallo sai darasin tafiya. Siddiƙu ya saƙale littafin lissafinsa a hammata, ya taka daga zaure zuwa rijiya, daga rijiya zuwa zaure, ubansa na biye yana cewa ya rage sauri, ɗan kwaleji ba ya tafiya kamar an aike shi. Littafin ya sha gumi har bangonsa ya yi laushi, amma buɗe shi haramun ne, domin Tukur bai taɓa ganin ɗan kwaleji ya buɗe littafi a bakin ƙofa ba. Sai darasin shayi. An sayo buta da kofi daga kanti, Mariyatu ta dafa, yaro ya sha da zafinsa ba kurɓa ba hurawa, hawaye na zuba, uba na gyaɗa kai. Sai kuma Turanci, wanda Tukur ya koyo daga bakin Bature kai tsaye, ba ta hannun kowa ba. Kalmomi ne 'yan kaɗan, rabinsu da doki ake yi, sauran rabin kuma da mai riƙon doki in ya yi laifi. Ya sa Siddiƙu ya toshe hanci da yatsu biyu yana maimaita su, har akuyoyin gidan suka fara amsawa.

Yaron ya rame. Da safe a aji yana ganin Mani, ɗan Gambo mahauci, wanda a da shi Siddiƙun ne ke koya wa lissafin rabawa, ya wuce shi ya shiga wasu lissafai masu harufa a ciki. Abin yana cin ransa, amma ɗa ba ya ce wa uba a'a, balle uban da ya ga Katsina. Mariyatu ta gwada sau ɗaya. Ta ce, "Malam, ko da rana guda cikin bakwai a bar shi shi tai wurin malaminsu." Tukur ya tambaye ta ko ta taɓa wuce Ƙofar Rini. Ta ce a'a. Ya ce to.

Shi Gambo mahauci ya taɓa zuwa neman shawara, ya zauna ya ji duka, ya ce madalla, ya fita ya bar wa Malam Jibrin ɗansa. Tukur ya yi ta tausayinsa a zaure. Ya ce jahilci ba laifin mutum ba ne, amma ka zo bakin rijiya ka koma da ƙishirwa, wannan sai addu'a. Har tsire ya daina saye a wurinsa, don kada a ce yana goyon bayan ɓata yara.

Da jarrabawa ta matso, Tukur ya fito da babban sirrinsa, wanda ya ɓoye ko ga 'yan zaure. Ya lura da wani abu a rayuwa: a garin nan ba a naɗa wa yaro rawani, ba a ba shi alƙalanci, ba a sa shi gaban sahu. Babban wuri na manya ne. Kwaleji kuwa ai babu wurin da ya fi ta girma. Saboda haka ya hana wanzami taɓa 'yan gasun da suka fara leƙowa a haɓar Siddiƙu, ya sa ana shafa musu man shanu safe da yamma don su yi himma. Ran jarrabawa ya sa masa riga bisa riga bisa riga, ya naɗa masa rawani, ya zizara masa kwalli. Yaran Midil suka shiga da 'yan fararen taguwoyinsu, Siddiƙu ya shigo a bayansu kamar wanda ya zo raba musu gado.

Tukur bai tafi shi kaɗai ba. Ya gayyaci 'yan zaure, ya gayyaci mai unguwa, har da wani maroƙi da aka ce ya jira a waje sai an ba shi alama. Suka yi sahu a inuwar baranda suna jiran bushara.

A ciki kuwa abin da kowa ya zata shi ya faru. Lissafin da yaro ya bari shekara biyu bai jira shi ba. Turancin ya fito ta hanci. Amma Baturen da ya zo yin jarrabawar ba wawa ba ne. Ya ga inda Siddiƙu ya kama wata tambaya da ba a taɓa koya masa irinta ba, ya bi ta da wayonsa har ya kusa kai wa ƙarshe. Malam Jibrin ya ga fuskar Bature ta yi laushi, sai ya yi maza ya roƙi arziki. Ya ce a bar yaron ya maimaita shekara, shi zai riƙe shi bayan azahar, baɗi ya sake gwadawa. Bature ya ce babu laifi, in dai shekarunsa ba su haura sha takwas ba, domin kwaleji ba ta ɗaukar wanda ya wuce haka, makaranta ma ba ta ajiye shi. Ya dubi rawani, ya dubi gemu mai sheƙin man shanu, ya yi shakka. Malam Jibrin ya ce sha shida ne, ko sha bakwai in an matsa. Bature ya ce a kira uban ya tabbatar.

Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da ta rage wa Siddiƙu, kuma a buɗe take. Abin da ake bukata kawai, wani ya ce i.

Tukur ya shigo yana baza riga, 'yan rakiya na leƙe ta taga. Ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa ta hanci. Bature ya amsa da Hausa, ya ce malami ya ce ɗanka yaro ne ɗan shekara sha shida, haka ne?

Fuskar Tukur ta canza. A gaban mai unguwa, a gaban 'yan zaure, a gaban maroƙi, a ce da ɗansa yaro! Nan take ya gane makircin. Malam ƙarami yana son ya ƙasƙanta Siddiƙu ne don a ɗauki ɗan mahauci.

"Ranka shi daɗe, sha shida? Wanga? Dubi gemu! Ai wanga ba yaro ba na, magidanci na, aure kawai ar rage. Ƙyashi na akai mai."

Malam Jibrin ya yi tari. Ya ƙara tari. Ya matso ya taka wa Tukur gefen riga. Tukur ya janye rigarsa, ya ce a ba malam ruwa.

Bature ya ce to yaushe aka haife shi? A lokacin ba a rubuta haihuwa, da abin da ya faru ake tunawa: shekarar yunwa, shekarar fara, shekarar mura. Gaskiyar magana bayan babbar yunwa aka haifi Siddiƙu, duk unguwa ta sani. Amma yunwa ba abin da za a jingina ɗan babban gida da ita ba ne. Tukur ya duba cikin tarihi ya zaɓo shekarar da ta fi kowace kwarjini, wadda kuma yake ganin za ta faranta wa mai tambaya rai.

"Ranka shi daɗe, shekarar da kunka shigo Sakkwato. Ana jin bindiga ana yanke mai cibi."

Duk shekarun duniya, wannan ce kaɗai Bature ba ya bukatar kowa ya lissafa masa. Ya ɗaga gira. Ya ce ke nan ya kusa talatin. Tukur ya ji talatin ta yi masa daɗi a kunne, ya ce in ma ba ta ɗara ba. Bature ya ce ka tabbata? Tukur ya ce ga mai unguwa nan a tambaye shi. Mai unguwa kuwa kwanakin nan an matsa masa lamba ya kawo majiya ƙarfi don aikin hanyar mota, kuma 'yan makaranta ba a taɓa su. Ya leƙo ta taga ya dubi Siddiƙu sama da ƙasa, ya ce lalle uba ya fi kowa sanin ɗansa.

Bature ya ce ya yi baƙin ciki, amma makaranta ta yara ce. Babu kwaleji, babu maimaitawa, babu takarda. Siddiƙu ya sunkuyar da kai, kwallin ya gangaro masa har kan rigar sama. Malam Jibrin ya fita ta ƙofar baya, aka ce ran nan bai ci abinci ba. Tukur kuwa ya fito baranda fuska cike da annuri, ya ce Bature da kansa ya yi mamakin girman ɗansa, ya ɗaga wa maroƙi hannu. Maroƙi ya kama aiki. Da kiɗa aka rako su gida.

Mariyatu tana bakin murhu aka kawo mata labari. Ta ajiye muciya ta fito har ƙofar zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi magana ta bayan asabari, kowa na ji.

"Malam, shekarar da Nasara sunka shigo, ni ko haƙoran gaba ban canza ba. Wa ta haihwa ma shi?"

'Yan zaure suka tuna suna da uzuri a gida, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Tukur ya ce mata ba su san tarihi ba.

Ba a daɗe ba ɗan aiken mai unguwa ya yi sallama. Aka tafi da Siddiƙu wajen Mabera, inda a lokacin babu komai sai gonaki da hanyar da ake cikewa da tsakuwa. Aka ɗora masa kwando a ka. Gemun dai ya taimaka, domin babu wanda ya yi gardamar cewa bai isa ba.

Ran da motar ɗaliban Katsina za ta tashi, Tukur ya yi wanka ya sa manyan riguna ya tafi bakin hanyar, ya tsaya inda ake aiki, jama'a sun taru kallon mota. Ta taho tana gurnani, yara a baya bisa akwatunansu, Mani ɗan mahauci yana ɗaga hannu. Ma'aikata suka ja gefe. Siddiƙu ya tsaya da kwandonsa a ka, ya bi ta da ido har ta shige. Ni ban taɓa ganin kallon da ya ba ni tausayi kamar wannan ba.

Tukur ya gyara hula, ya kaɗa yatsa.

"Kun gani, jama'a? Bisa aikin wa tab bi? Ba don ɗana ba, bana babu mai zuwa kwaleji. Siddiƙu, matso. Wanga ɗaukar kwando da kaka yi ba daidai ta ba. Ni na ga yadda aka yin hanya can wajen Katsina. Daga gobe zan tsara ma yadda..."

Siddiƙu ya sauke kwandon a hankali, ya durƙusa gaban ubansa har ƙasa.

"Baba, na roƙe ka don girman Allah, wanga aiki guda kak ka tsara min shi. Ina son in gama shi."